Kwana Uku Na Ba Ta

Ruwa bai ɗauke ba tun Litinin.
A tsibirin Chiloé, wanda ya ce sai rana ta fito zai yi shawara
zai tsufa bai yi ba.
Na ɗauko ta daga akurki cikin tsohuwar rigar ulu,
na kwantar da ita a kwandon dankali, gefen murhu.

Ƙirjinta ya zama ƙashi, cikinta ya zama tulu.
Zankon nan da yake ja kamar barkono
ya koma launin hanta.
Tana tsaye kamar mai jiran jirgin fito,
wutsiya a ƙasa, ido rabi a rufe.

Eduviges ta tsallako shinge da takalmin roba,
ta matsa cikin da yatsa biyu, ta goge hannu a riga.
"Ruwa ne, Baldomero. Ka tsiyaye yau, jibi ya taru.
Gatarinka na da kaifi, ko in kawo nawa?"

Likitan dabbobi yana Castro,
awa ɗaya da rabi in hanya ta yarda.
Yarinyar da ta ɗaga waya ta faɗi kuɗin.
Na lissafa a bayan ambulan:
kaji biyar masu ƙwai, da rabin buhun alkama.
Ta ƙara da cewa babu alkawari a ciki.

Wannan aikin na Clorinda ne.
Shekara talatin da takwas, ban taɓa tambayar ta yadda take yi ba.
Takan fita da sassafe, ta dawo tana wanke hannu,
da rana mu sha romo.
Takan ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta,
kuma abin da za ka ci kada ka raɗa masa suna.
Wannan ce ta ƙarshe cikin 'yan tsakin da ta raina a kwalin takalmi
wata biyu kafin asibiti.

Na ce kwana uku.

Baho, ruwan ɗumi, gishiri.
Tafarnuwa a ruwan sha.
Gwaiduwar ƙwan 'yan'uwanta a bakin cokali.
Rana ta farko ta tsattsagi cokalin sau biyu,
na yi murna kamar an biya ni bashi.
Rana ta biyu ta kawar da kai.

Kaza ba ta faɗin ciwo.
Ɓoyewa take, don garke ba ya tausayin mai rauni,
kafin ka gani ya ci rabinta.
Na san wata mai irin wannan hali.

Daren na uku na zauna ina jin numfashinta,
kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace.
Na dubi kwandon, na dubi kujerar da ba kowa a kai.
Wa nake wa jinya?
Idan don ita ne, ai ta riga ta ba ni amsa tun jiya.

Na fara haƙa ramin, gindin tuffa,
don kada hannu ya sami uzuri.
Ban kira Eduviges ba.
Na rufe mata ido da hannun rigar ulun,
na ce mata abin da ba zan maimaita ba.
Sara ɗaya. Na gode wa dutsen wasa.

Ba romo yau.

Kafin in wanke shebur, sauran shidan sun iso a guje,
suna tonon sabuwar ƙasar, suna faɗa kan tana.
Na watsa musu alkama.
Bakina ya ƙirga har bakwai,
na bar shi, ban gyara masa ba.